Gwangwanin Inna

"Rufe firjin nan, Tela, sanyi yana fita."

Daga kan gado Baba Mai Majigi ya yi maganar. Muryar da ƙyar take fitowa, amma ikon nan nasa bai ragu ba. Ni kuwa ina tsugune gaban firjin, hannu ɗaya riƙe da murfin, ɗayan ya riga ya kai kan gwangwanin. Yana nan inda yake tun bara, a kantar sama ta firjin, an zagaye bakinsa da baƙin salatif, an rubuta INNA a kai da alƙalami mai kauri. A ƙasa akwai gorar ruwa, da rabin burodi, da wani ƙulli cikin baƙar leda wanda ya ce maganin ƙafarsa ne, ba ya so a taɓa.

"Baba, Auta ya dawo jiya," na ce. "Ya samo maganin wankin fim ɗin. Duka kala ukun da ka rubuta masa."

"To, madalla. A ajiye."

"A ajiye kuma? Yau zan wanke."

Ya yunƙura zai tashi, tari ya mayar da shi. Ƙanwarsa, wadda duk gidan muke kira Goggo, ta taso daga bakin ƙofa ta tallafe shi. Tun da ciwon ya kwantar da shi ta baro garinsu ta zo jinya.

"Ki bari in warke," ya ce da tarin ya lafa. "Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne. In kika ɓata shi, babu na biyu."

"Wanki nawa na yi a gabanka? Wanne na ɓata?"

"Na ce ki bari."

Ban bari ba. Na rufe firjin kamar yadda ya ce, amma gwangwanin yana hammatata. Na zare baƙar jakarsa ta sauke fim daga jikin ƙusa, na ɗauki tukunyar wankin a bayan ƙofa, na fita. Ina jin sa yana kirana har na tsallake tsakar gida.

Baba Mai Majigi maƙwabcinmu ne a gidan haya, ɗakinsa yana kallon namu. A zamaninsa, in ji shi, babu tallan da za a haska a silima a garin nan wanda bai bi ta hannunsa ba. Ya ɗauka, ya wanke, ya yanka, ya haɗa. Da zamani ya juya, kowa ya koma waya, sai ya rage daga shi sai akwatunansa da warin sinadarin da ke fitowa ta tagarsa. Bai yi aure ya zauna ba, ba shi da ɗa. Abin da yake da shi shi ne babban fim ɗin da zai yi wata rana, wanda ya ba kowa labarinsa a gidan har mun haddace, kuma kullum labarin yana canza ƙarshe.

Ni tela ce. Da aurena ya mutu na dawo wurin Inna da keken ɗinkina, muka zauna mu uku da ƙanena Auta. Wata rana Baba ya kawo wando a rage masa tsawo, ya tsaya yana kallon yadda nake sa almakashi.

"Ke ba kya tsoron yanka," ya ce.

"In na ji tsoro wa zai ci abinci?"

"Zo in nuna miki wani ƙyalle da ba a sa wa a jiki."

Da wasa na bi shi. Ya ɗauko wani tsohon fim na tallan sabulu, ya ɗaga shi a hasken taga, na ga wata mata ƙarama kamar ƙwayar wake tana ɗaga hannu, hoto bayan hoto, kowanne ya ɗan fi na baya. Ya ce in cire inda ta ƙifta ido in haɗa sauran. Tun daga ranar na kamu. Da na tashi daga keke da la'asar sai in tsallaka, Inna tana min tsiya wai na samu sabon uba.

Haɗin fim ba wuya gare shi ba a baki. Ka yanke, ka kankare bakin da reza, ka shafa gam kaɗan, ka ɗora ɗaya kan ɗaya ka danne. Amma ni hannuna ya saba da ɗinkin da ba ya warwarewa, don haka kullum gam ɗina yana yawa. In ya bushe sai ya bar ɗan tudu. Baba yakan ja fim ɗin tsakanin yatsunsa, idonsa a rufe, ya tsaya cak.

"Ga Tela nan," ya ce. "Haɗinki kamar facin taya. Ko makaho ya shafa ya san naki ne."

Tallan sabulun nan na yanka shi na haɗa har matar ta koma kamar mai farfaɗiya. Sannan ya yarda na taɓa kyamara. Baƙa ce, mai nauyi, ana wana ta kamar agogo, in ka danna sai ta riƙa ƙara irin ta kekena in an sa masa mai. Ya koya min auna haske da ido, da riƙe numfashi, da ƙirga a zuci don kada fim ya tafi a banza, tunda naɗi ɗaya ko minti uku ba ya kaiwa. Ya koya min wanki. Abu ɗaya ne bai taɓa sakar min ba, wato ɗora fim a kyamara da sauke shi. Wannan shi yake yi, hannuwansa biyu cikin baƙar jaka mai hannun riga, yana kallon rufin ɗaki.

"Haske ne abincinsa, haske ne ajalinsa," yakan ce. "Ta ido ɗaya kawai zai sha, kuma sau ɗaya. In ya gan shi ta wata ƙofa, ya mutu."

Naɗi uku na ɗauka a wannan shekarar. Mai gyaran takalmi na bakin layi, da yara suna tsallen igiya, da ruwan sama yana zuba daga indararo. Da muka haska na farko a bangon ɗakinsa na ga mai gyaran takalmi ya ɗago kai ya dube ni, kuka na yi, ba kunya. Na yarda da mutumin nan fiye da yadda na yarda da mijin da na aura.

Sai Inna ta fara ramewa. Ba ta ce komai ba, likita ma bai ce da yawa ba, amma duk wanda ya dube ta ya san ana naɗe tabarma. Inna ba ta son hoto. Duk duniya hotonta ɗaya ne, na katin shaida, ta ɗaure fuska kamar an kama ta da laifi. Na lallaɓa ta mako guda kafin ta yarda, sannan na je wa Baba.

"Akwai sauran fim?"

Ya daɗe yana shafa gemu. "Saura guda."

"Inna zan ɗauka."

"To," ya ce. "Gobe da hantsi, kafin rana ta take."

Da hantsin ta fito cikin zanenta mai ruwan ƙasa, wanda ba ta ɗaurawa sai za ta unguwa. Ta zauna kan 'yar kujerarta ƙarƙashin igiyar shanya, inda take zama kullum tana warware min ɗinkin da na ɓata. Baba ya fito da kyamarar a ɗore, ya miƙo min. Auta kuwa ya zaro wayarsa ya tsaya gefena.

"Kai, ajiye wannan abin wasan," in ji Baba. "Za ka raba mata ido. Yau da na gaske za a ɗauka."

Auta ya dube ni, na harare shi, ya mayar da wayar aljihu.

Na wana, na danna. Inna ta yi zaman katin shaida na ɗan lokaci, sai ƙarar ta ba ta dariya.

"Wannan ai kekenki ne kika ɗora a kafaɗa," ta ce. "Ɗinke ni za ki yi?"

Ta sa hannu ta rufe giɓinta, dariyar ta ƙi tsayawa, ta sauke hannun ta bar shi. Ta gyara ɗankwali. Ta kori ƙuda. Ta kira sunan da take kirana da shi tun ina yarinya, wanda ba kowa ya san shi ba. Duk ina gani ta cikin ɗan gilashin nan, ina riƙe da numfashi, har kyamarar ta yi shiru. Baba ya karɓa, ya sauke a jaka, ya naɗe gwangwanin da salatif, ya rubuta sunanta.

Ba ta ƙara wata biyu ba.

Bayan an share makoki na ce a wanke. Ya ce maganin da ya rage ya tsufa, ba zai yi kasada da Inna ba. Na ga gaskiyarsa. Ya ce wanda yake kawo masa ya daina. Ya ce zafi ya yi yawa, a bari damina. Damina ta zo, ya ce danshi. Ni kuma in kewa ta ishe ni sai in tsallaka in buɗe firjinsa in dubi gwangwanin, in ji sanyi a raina cewa tana ciki tana dariya, jira kawai take. Auta ma yakan tambaya, "Yaya, yaushe za mu ga Inna?" Har dai ya yi tafiya wani gari mai nisa da aikinsa, ya bi shago shago ya samo maganin.

To, ranar nan da na ɗauko gwangwanin, na shiga ɗakinmu na tura ƙofa. Auta ya jera kwalaben a kan teburin yanka, ya auna ruwa yadda na ce. Na sa gwangwanin da tukunyar wanki a cikin jakar, na zuge, na zura hannuwana. Na ɓare salatif ɗin da farce. Murfin ya buɗe. Na kama bakin fim ɗin, na fara naɗa shi a kan faifan tukunyar, a hankali, ina jan sa tsakanin babban yatsa da manuni.

Ban yi nisa ba yatsana ya hau wani ɗan tudu.

Na tsaya. Na koma baya na sake shafawa. Na ce a raina wataƙila datti ne. Na ja gaba kamar kamu ɗaya, ga wani. Na ƙara ja, ga wani, wannan har gam ɗin ya malalo gefe ya bushe. Sabon fim daga kamfani ba shi da haɗi ko ɗaya, wannan shi ne darasin farko da aka koya min. Kuma waɗannan ba haɗin kowa ba ne.

"Yaya, lafiya?" in ji Auta. "Fuskarki ta canza."

Na zare hannuwana, na kama zik ɗin jakar.

"Yaya! Haske!"

Na zuge ta gaba ɗaya, na fito da fim ɗin na ɗaga shi a taga. Ga matar nan ƙarama tana ɗaga sabulu. An yi min ungulu da kan zabo, kuma da hannuna na ɗinke zabon.

Ban san lokacin da na tsallake tsakar gida ba. Goggo tana ba shi shayi a cokali. Na ajiye tarin fim ɗin a kan bargonsa.

"Goggo, ba mu wuri."

Ta dube ni, ta dube shi, ta ajiye kofin ta fita. Shi kuwa bai ko kalli abin da na ajiye ba. Ya sa yatsu ya ja shi kaɗan, ya tsaya a kan tudun farko.

"Na ce ki bari in warke," ya ce.

"In ka warke sai matar sabulu ta zama uwata?"

Ya saki fim ɗin a kan bargon.

"Baba, magana nake. Me ka ɗora min a kyamara ranar nan?"

"Fim ya ƙare, Tela. Tun a ruwan saman nan ya ƙare."

"Ka ce saura guda."

"Na faɗa."

"Don me?"

Ya juya fuska bango. Wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako, kuma na ga hakan, amma tausayi bai zo ba.

"Wa yake shigowa ɗakin nan in ba ke ba?" ya ce. "Da na ce babu, me zai sake kawo ki? Na ce a raina zan samo wani, a sake ɗauka, in ce na farkon ya ƙone. Ban san za ta yi sauri haka ba."

"Duk gidan nan an san za ta yi sauri."

"Na ji kunya."

"Kunya." Na matso kusa da gadon. "To na ji wannan. Wayar Auta fa? Ka san babu komai a cikin abin da ke kafaɗata, yaro ya ɗaga waya zai ɗauki uwarsa, ka ce ya ajiye. Wannan ma kunya ce?"

Ya lumshe ido.

"Ba a ɗaukar mutum da wannan abin," ya ce a hankali.

Wallahi da ya yi shiru da ya fi masa. Na kwashe fim ɗin, na fita, ban ja masa ƙofa ba.

Ban sake shiga ɗakin ba. Abincinsa ban fasa ba, don Inna ba ta haife ni in bar maƙwabci da yunwa ba, amma a bakin ƙofa nake miƙa wa Goggo. Takan ce, "Yana tambayarki." In ce, "A gaishe shi." Ba ta san abin da ya haɗa mu ba, ni kuma ban faɗa ba. Auta ya kwashe kwalabensa ya zuba a kwali, bai ce min uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ina kan keke ina jin tarin Baba ta tsakar gida, in ya yi yawa sai in ƙara taka ƙafa.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, ina kalmasa bakin wata riga, sai na lura na daɗe ban ji tarin ba. Na ɗage ƙafa daga keken. Famfo yana ɗiga a bokiti, wani mai gyaran murhu yana shela a layi. Sai ga Goggo a ƙofata, mayafinta a hannu.

"Tela, ya tafi."

Na ce Allah ya jiƙansa, kuma da gaske na faɗa. Na share tsakar gida, na shimfiɗa wa mutane tabarmi, na ɗora ruwa. Ba a taru da yawa ba. Mai gyaran takalmi ya zo, da wasu tsofaffi biyu da suka ce sun yi aiki da shi a da. Da aka fito da shi na tsaya a bakin ƙofata. A raina har na fara sassautowa. Na ce tsoho ne, kaɗaici ya ci shi, abin hannunsa ya ƙare ya rasa bakin faɗa. Mutum yakan yi ƙarya don babu.

Da za ta koma garinsu, Goggo ta kwashe ɗakin. Mai gida yana son makullinsa, firjin kuma an yi masa ciniki. Da azahar ta shigo min da kaya a hannu biyu.

"Wannan ya ce a ba ki," ta ce, ta ajiye kyamarar a kan teburin yanka. "Har sau biyu ya faɗa. Wannan kuma bai ce komai a kansa ba, amma ni me zan yi da shi?"

Baƙar ledar nan ce ta ƙasan firji.

"Ai maganin ƙafarsa ne," na ce.

Goggo ta yi 'yar dariya. "Wane magani? Haka yake ce wa mutane don kar a taɓa. Na babban fim ɗin nan nasa ne, da shi zai fara. Shekara nawa yana fama da shi, ko wuta aka ɗauke sai ya tashi hankalin kowa."

Na kwance ledar. Gwangwani ne, sanyinsa bai gama fita ba. Salatif ɗin bakinsa na kamfani ne, fari, ba a taɓa ɓare shi ba.

Ashe da ya ce saura guda, gaskiya ya faɗa. Yana nan a ranar, taku kaɗan daga kujerar Inna, a bayan gorar ruwa. Ya auna uwata da fim ɗin da bai taɓa ɗaukar ko hoto ɗaya nasa ba, ya ga ba ta kai ba. Kuma a kan gadon mutuwarsa, da na tsaya a kansa ina tuhumarsa, ya dube ni ya sake yi min wata ƙaryar. Wannan ta biyun ita ce har yau ban iya haɗiye ta ba.

"Yana da amfani kuwa?" in ji Goggo.

"Yana da shi."

"To, Allah ya sa ki ɗauki abin kirki da shi."

Na raka ta bakin layi, na riƙe mata jaka har ta samu mota. Da na dawo gidan babu kowa, yara suna makaranta, masu aiki ba su dawo ba. Ƙofar Baba a buɗe, ɗakin wayam, sai ƙusar da jakar take rataye. Rana ta take sosai, irin hasken da ya hana ni ɗauka a cikinsa.

Na fito da 'yar kujerar Inna na ajiye ta a wurinta. Na zauna a ƙasa kusa da ita da gwangwanin a cinyata. Na sa farce a bakin farin salatif ɗin, na ja shi har ya zagayo. Na buɗe murfin.

Ban taɓa ganin sabon fim da idona ba sai ranar. Ashe ba baƙi ba ne, launin toka ne mai haske, sumul, babu ko tudu ɗaya. Na kama bakinsa na miƙe tsaye, na rataya shi a igiyar shanya, na riƙa warwarewa ina ratayawa, daga wannan bango zuwa wancan, in dawo, har faifan ya rage fanko a hannuna.

Auta ya shigo da yamma ya tarar da ni a bakin ƙofa. Ya dubi igiyar, ya dube ni. Ya zo ya zauna gefena. Iska ta ɗan taso, fim ɗin yana juyawa yana ƙwanƙwasa juna a hankali, siririyar inuwarsa tana kai da kawowa a kan kujerar.